Yadda Ake Rage Cin Nama a Gida a Koma Sayensa Daga Hannun Mai Kiwon da Aka Sani

Yawancin naman da ke shiga tukunya ba a san asalinsa ba. An san mahauci, ko an san kanti, amma dabbar kanta, abin da ta ci, maganin da aka ɗura mata, inda ta kwana da yadda ta kai ga wuƙa, duk ana cikin duhu. Na daɗe ina sayen nama da ƙwai kai tsaye daga hannun masu kiwo, na kuma raka gidaje da dama suka fara. Aikin biyu ne a haɗe, ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya: ka rage yawan naman da gidanka ke ci, sannan kuɗin da ka saba kashewa ka sayi kaɗan mai kyau da su, daga wurin da idonka ya gani. Wanda ya ce zai ci gaba da cin nama rana da dare, kuma duk daga gonar kirki, aljihunsa ne zai fara gazawa, bayan wata biyu ya koma inda ya fito.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Ƙaramin littafi da biro. Sikelin kicin mai auna giram. Firiza, ko firji mai ɗakin ƙanƙara, da ma'aunin zafi da za ka jefa a ciki, domin lambar da ke jikin firji ba kullum take faɗin gaskiya ba. Kula babba da ƙanƙara don ɗauko nama. Wuƙaƙe biyu, babba da siririya ta cire ƙashi, da dutsen wasa wuƙa. Katakon yanka guda biyu, ɗaya na ɗanyen nama kaɗai. Ledoji masu kauri da alƙalamin da ba ya gogewa. Takalmin roba mai wankuwa don shiga gona. Tukunya mai kaurin gindi da murfi mai kamawa. In da hali, tukunyar nan mai dafa abinci da matsin tururi.

Sai abu na ƙarshe da ba a saye a kasuwa: gida biyu ko uku masu ra'ayi irin naka, waɗanda za ku riƙa haɗa kuɗi ku sayi dabba guda ku raba.

1. AUNA ABIN DA KUKE CI YANZU

Mako biyu kada ka canza komai. Duk naman da ya shigo gida a ɗora shi a sikeli, a rubuta nauyinsa, irinsa da kuɗinsa. A rubuta har wanda aka ci a waje da wanda aka saya wa yara a hanya, don nan ne lissafi yake yawan ɓacewa. A ƙarshe ka raba jimillar da yawan mutanen gidan, ka ga giram nawa kowa ke ci a mako. Jimillar kuɗin kuma ka ja mata layi: ita ce kasafinka, da ita za ka yi aikin duka, ba za ka ƙara ba.

Kada ka tsallake wannan mataki ka ce ai ka sani da ka. Kusan kowa yana ƙiyasta ƙasa da abin da yake ci.

2. YANKE ADADIN DA ZA KU KOMA

Ga ma'aunin da nake bi. Asusun binciken cutar kansa na duniya yana ba da shawarar kada babba ya wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako, wato naman shanu, tumaki, awaki da makamantansu. Giram 500 dafaffe ya kai kimanin giram 700 zuwa 750 ɗanye. A 2015 kuma, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya naman da aka sarrafa, wato wanda aka jiƙa da gishiri da sinadarai, aka kyafe ko aka cusa a gwangwani, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Ta ce cin giram 50 nasa kullum yana ƙara haɗarin kansar babban hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari. Jan naman da ba a sarrafa ba ta sanya shi a mataki na ƙasa da wannan, na abin da ake kyautata zaton yana jawowa. Don haka wanda za ka fara kora daga gida shi ne sarrafaffen nama, sai ka sauko da ja.

Akwai kuma maganar muhalli, kuma ina so ka fahimce ta daidai, don mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwon dabbobi ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke jawowa mai ɗumama duniya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan daga shanu ne, kaso mai yawa nasa ta gyatsar da suke yi yayin narkar da ciyawa. Wani babban bincike na 2018 da Joseph Poore na Jami'ar Oxford da Thomas Nemecek suka yi kan gonaki sama da 38,000 a ƙasashe 119 ya nuna cewa dabbobi da abincinsu sun cinye kusan kashi 83 cikin ɗari na filayen noma, amma kashi 18 kawai suke bayarwa na kuzarin da mutane ke samu daga abinci. Ya kuma nuna cewa jigilar nama daga wuri zuwa wuri ƙaramin kaso ce ƙwarai cikin illar naman sa. Ma'ana, saye daga gonar kusa ba ya wanke saniya daga gyatsarta, kuma saniyar da ta tashi a kan ciyawa zalla ta fi daɗewa kafin ta kai yanka. Ragewa ce ke taimakon muhalli. Amfanin gonar kusa daban ne, kuma babba ne: kana iya zuwa ka gani, kuɗinka kuma yana shiga hannun wanda ya sha wahalar kiwon.

Kada ka sauke gida daga nama kullum zuwa sau ɗaya a mako dare ɗaya. Ka fara da cire kwana biyu, bayan wata guda ka ƙara ɗaya, kana rage girman yanka a sauran kwanakin. Gidan da aka yi wa dole, cin naman yake komawa ɓoye.

3. CIKE GURBIN TUN KAFIN KA BUƊE SHI

Babban abin da ke rusa wannan shiri shi ne a cire nama a bar faranti fayau, shinkafa ko wani hatsi zalla. Mutum ya tashi bai ƙoshi ba, ya ce ai dama rashin nama ne. Babba mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. Mai kilo 70 ke nan giram 56. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, dafaffen wake giram 100 yana da 8 zuwa 9, busasshen waken soya kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne. Gyaɗa, madara da kifi duk suna cike gurbi. Wake da hatsi idan suka haɗu a cikin yini, kowanne yana cike abin da ɗayan ya rasa.

Wake a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi ya nuna luguf. Jan wake mai siffar ƙoda dole ya tafasa sosai aƙalla minti 10 kafin a rage wuta, domin yana da wani sinadari mai sa amai da zawo idan bai ji wuta ba. In cikin mutanen gida bai saba ba, a fara da kaɗan, kumburin yana raguwa da sabo. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye jiki ya fi ɗaukarsa idan an haɗa da lemon tsami, tumatir ko wani ɗan itace mai tsami, shayi kuwa yana tare shi, don haka a jinkirta shayin bayan abinci.

Gargaɗi mai muhimmanci: ragewar nan ta manya masu lafiya ce. Yaro daga wata 6 zuwa 23 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya riƙa samun nama, kifi ko ƙwai kullum. Mai ciki, mai shayarwa, mai ƙarancin jini da tsohon da ba ya cin abinci sosai, kada a taɓa rabonsu sai da shawarar likita. Wanda kuma ya yanke shawarar barin duk abin da ya fito daga dabba, ya sani bitamin B12 ba ya samuwa a tsirrai, sai ya sha ƙwayarsa. In ma dama gidanku bai kai ma'aunin da na ambata ba, to ba ragewa ce aikinka ba, ka wuce mataki na gaba.

4. NEMO MASU KIWO

Wanda ya fi kowa sanin gonar kirki shi ne likitan dabbobi, don shi ke shiga garke ya ga abin da baƙo ba ya gani. Bayansa sai masu sayar da abincin dabbobi, malaman gona, ƙungiyoyin manoma, da mahautan da ke sayen dabba da kansu. Ka tara sunaye uku ko huɗu, kada ka tsaya a ɗaya. Ka kira, ka faɗi gaskiyar abin da ke tafe da kai: kana son ka zama mai saye na dindindin, amma kana son ganin dabbobin tukuna. Amsar wannan roƙo ita ce jarrabawar farko. Wanda ya ce ka zo ranar kaza, ya ci. Wanda ya ce ba ya barin baƙi su shiga ɗakin kaji saboda cuta amma za ka iya leƙawa ta ragar waya, shi ma ya ci, har da ƙari, don murar tsuntsaye a tafin takalmi take yawo. Wanda ya yi ta kwana-kwana, ka bar shi.

Kalmomin da ake bugawa a jikin kwali, irin su “na halitta” ko “daga gona”, da hoton saniya a fili mai kore, ba hujja ba ne. A ƙasashe da yawa babu dokar da ta fayyace ma'anarsu. Haka ƙanƙantar gona ba shaida ba ce. Na ga ƙananan garkuna da dabbobi ke tsaye cikin kashinsu, na ga manya masu tsafta.

5. ZIYARA: ABIN DA ZA KA DUBA

Nan ne zuciyar aikin, gani ya kori ji. Ka je da sassafe lokacin ba da abinci, da wankakken takalmi, kuma kada ka biya ta wata gonar a ranar.

Masana kula da dabbobi suna da ma'auni biyar da suka samo asali daga wani rahoton gwamnatin Birtaniya na 1965, aka tsara su yadda aka san su yau a 1979: dabba ta kuɓuta daga yunwa da ƙishirwa, daga takura, daga ciwo da rauni da cuta, daga tsoro da firgici, kuma ta samu damar yin abin da halittarta ke so. Ka riƙe biyar ɗin a ka, ga yadda suke bayyana a ido.

Fara da kwanon ruwa, kafin ma ka kalli dabba. In ruwan ya yi kore, ko ya ƙafe, ko kashi na yawo a ciki, ka riga ka san rabin labarin. Sannan ka tsaya gefe ka bar mai gonar ya shiga shi kaɗai. Dabbobin da ake kyautata wa za su ɗago kai, wasu su nufo shi, wasu su ci gaba da abin da suke yi. Waɗanda suka saba da sanda kuwa za su watse su cure a lungu. Wannan ba a iya shirya shi don baƙo.

Ga shanu, tumaki da awaki: ka nemi masu kwance suna tuƙa a natse, don dabbar da ke cikin ciwo ko tsoro ba ta tuƙa. Ka kalli kwiɓin hagu, bayan haƙarƙarin ƙarshe. In ya faɗa ciki sosai, cikin babu abinci. Ka sa a tayar da su su yi tafiya ka ga mai ɗingishi. Ka duba gindi ko akwai busasshen zawo, hanci ko akwai majina mai kauri, kunne da hantsa ko kaska ta yi yawa. Tunkiya ko akuya, ka roƙi mai ita ya ja fatar idonta ta ƙasa da babban yatsa: cikin ya zama ja-ja mai jini. In ya yi fari fat kamar takarda, tsutsar ciki ta shanye jininta. Ka ga inuwa, ka ga busasshen wurin kwanciya, ka ga igiyar turke ba ta ci wuya ko ƙafa ba.

Ga kaji, hanci ne ke fara ba ka labari. In wari ya hau maka kai har idonka ya kawo ruwa, ka tuna kai a tsaye kake na minti biyu, su kuwa a ƙasa suke, a cikinsa suke kwana. Ka durƙusa ka damƙi shimfiɗar ɗakin ka matse: mai kyau za ta warware ta zube, mai laima za ta dunƙule ta manne a tafinka. Ka sa a kamo kaza ɗaya a juya ƙafarta. Tafin ya zama sumul. Baƙin tabo a tafi ko a gwiwa ƙuna ce ta zama cikin jiƙaƙƙen kashi. Kajin nama na zamani an ƙirƙiro su ne su kai yanka cikin mako 5 zuwa 7, kuma saurin girman yana sa ƙirji ya rinjayi ƙafa, ka ga kaza ta yi taku uku ta zube. Irin da ke girma a hankali sun fi ƙarfin ƙafa, sun fi ɗanɗano, sun kuma fi tsada saboda sun fi cin abinci. Kaza mai walwala tana tono, tana birgima a ƙasa, tana hawa sanda ta kwana. Wadda ke cikin keji ba ta samun ko ɗaya, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta tsofaffin kejin kajin ƙwai marasa komai a ciki tun 2012. Kada launin ƙwai ya ruɗe ka: launin ɓawo daga irin kazar ne, jan gwaiduwa kuma daga abinci, ana iya samar da shi da sinadari ko kazar ba ta taɓa ganin rana ba.

Kafin ka tafi, ka ce a nuna maka inda ake ware marasa lafiya, da inda ake kai mushe da taki.

6. MAGANI DA YANKA

Tambayoyi uku: wane likita ke zuwa, waɗanne alluran rigakafi ake yi, kuma yaushe aka ba dabbar da zan saya magani na ƙarshe? Kowane maganin dabba yana da wa'adin kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nono ko a ci ƙwai, a rubuce a jikin kwalba. Mai kiwon kirki yana rubuta ranar. Abin gudu shi ne zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa ko abincin lafiyayyun dabbobi kullum don su yi saurin girma ko don a rufe ƙazanta, domin haka ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, har ranar da ɗanka zai buƙace shi ya ƙi ci. Suwidin ta hana yin haka don ƙara girma a 1986, Tarayyar Turai ta bi a 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi kira a 2017 a daina ba lafiyayyun dabbobi. Amma wanda ya bugi ƙirji ya ce bai taɓa ba dabbarsa magani ba, ni ba ya burge ni. Dabba tana ciwo, kuma barin mara lafiya ba magani zalunci ne.

Yanka kuwa, kowa da ƙa'idar addininsa da dokar ƙasarsa, amma akwai abin da duka suka haɗu a kai: gajeriyar tafiya, hutu da ruwan sha kafin yanka, ba duka, ba ja a ƙasa, wuƙa mai kaifi, hannu mai sauri. Ko don naman kansa ma. Dabbar da ta gaji ko ta daɗe a firgice tana ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarta, sai naman ya fito baƙi-baƙi, da tauri, da danƙo, kuma ya fi saurin lalacewa. Wurin da aka doke ta za ka same shi da taruwar jini, dole a yanke a yar. Ka zaɓi mayankar da jami'in lafiyar dabbobi ke duba dabba da rai, ya kuma duba huhu, hanta da tsoka bayan fiɗa, don tarin fuka na shanu da ƙwan tsutsa a nan mai sani yakan gane su. A rataye a yi fiɗa, ba a ƙasa ba. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ko aka yi saurin yankawa don tana gargara, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

7. CINIKI DA LISSAFI

Nauyi uku ne, kuma rigima duk daga rashin bambance su take tasowa: nauyin dabba da rai, nauyinta bayan an cire fata, kai, ƙafafu da kayan ciki, sai nauyin abin da zai shiga ledarka. Rago ko akuya bayan fiɗa yakan dawo kusan rabi ko ƙasa kaɗan, wato mai kilo 40 ya ba da 18 zuwa 20 har da ƙashi. Sa yakan ba da rabi ko sama da haka gwargwadon ƙibarsa, sannan in an cire manyan ƙasusuwa da kitse, kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ma ya tafi. Ka tambaya a kan wane nauyi aka yi farashi. Ku yi magana tun farko, a rubuce, kan wanda zai biya mota da mahauci, da wanda zai ɗauki fata, kai, ƙafa, kayan ciki da kitse.

In watanda za ku yi, kada a raba da ido. Kowane sashe, cinya, gadon baya, haƙarƙari, wuya, hanta, a kasa shi gwargwadon yawan gidajen a auna, sannan a jefa ƙuri'a. Zumunci ya fi ɗorewa da sikeli.

Kada ka matsa wa mai kiwo ya sayar maka a farashin kajin da ake tara dubbai a ɗaki guda. Filin da ka yaba, da ƙarin makonnin ciyarwa, su ne ke cikin kuɗin.

8. ƊAUKOWA DA AJIYA

Kada a ƙulle nama mai ɗumi a leda. Zufa zai yi, ya fara wari kafin ka isa gida. A bar shi ya huce a rataye inda ƙuda ba ya kaiwa, sannan a sa a kula da ƙanƙara sama da ƙasa. Ɗanyen nama kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa, awa 1. Firji ya zama digiri 4 ko ƙasa, firiza 18 ƙasa da sifili. Kowane kilo yana cin wajen lita 2 na firiza, ka auna wurin kafin ka saya.

Sabon yanka tsokarsa tana sandarewa bayan wasu awoyi, shi ya sa yake tauri. Kaza in ta kwana a firji ta fi laushi, rago kwana biyu ko uku. Naman sa ana rataye shi mako guda ko fiye, amma a ɗakin sanyi na mahauta kaɗai, kada ka gwada a gida. Kayan ciki da niƙaƙƙen nama a ci cikin kwana 1 zuwa 2 ko a daskarar. Sauran a kasa shi daidai girkin rana ɗaya, a matse iska, a baje ledar ta yi faɗi don ta yi saurin ƙanƙara, a rubuta suna da kwanan wata. Niƙaƙƙe yana riƙe daɗinsa wata 3 zuwa 4, manyan yanka har kusan shekara. A narkar a cikin firji, ba a kan tebur ba. In wuta ta ɗauke, cikakkiyar firiza da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabi awa 24. Ka cike gurbin da robobin ruwa.

In babu firiza ko wutar ba ta tsayawa, kada ka sayi da yawa. Ku ƙara yawan gidajen watanda kowa ya ɗauki na kwana biyu, ko ka karkata ga kaza da ƙwai. Rarar tsoka marar kitse a yanka ta siriri, a shafa gishiri, a shanya ƙarƙashin raga inda iska ke kaɗawa har ta bushe ƙarau, a dafa ta kafin ci. Sai dai ka tuna naman gishiri da na banda suna cikin sarrafaffen nan da muka ambata, hanyar ceton rara ce, ba abincin kullum ba.

9. GIRKI

Dabbar da ta yi yawo namanta ya fi tauri, kitsen saniyar ciyawa kuma yakan yi rawaya, ba lalacewa ba ce. Wuya, ƙwauri, wutsiya da ƙirji ƙaramar wuta suke so da dogon lokaci, a rufe, har jijiyar ta narke ta koma romo mai kauri. Wutar gaggawa ƙara ɗaure su take yi. Gadon baya kaɗai ke son wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci.

Dabarar da ke sa kilo ɗaya ya yi aikin uku ita ce nama ya koma ɗanɗano maimakon ya zama shi ne abincin. A yanka ƙanana, a soya su yi ja da albasa, a zuba wake da kayan lambu su nuna a cikin romon. Ƙashi a tafasa shi awoyi, a tace, a daskarar da romon kashi-kashi. Ranar da babu nama, shi ke ɗaga tukunya. Kitse a narkar da shi a ƙaramar wuta a tace a ajiye don suya. Zuciya, ƙoda, harshe da tumbi duk abinci ne, dabbar ta ba da ranta gaba ɗaya, bai dace a zaɓi cinya a zubar da saura ba. Hanta tana da amfani ƙwarai, amma bitamin A ya yi mata yawa, sau ɗaya a mako ya isa, mai ciki kuma ta tambayi likita tukuna. Kaza ta kai digiri 74 a tsakiyar cinya, niƙaƙƙen nama 71. Nonon da ka karɓo ɗanye daga gona, komai tsaftarta, a tafasa.

10. IN BABU GONA KUSA, DA YADDA AKE RIƘE HULƊA

Wanda ke tsakiyar babban birni ya nemi mahauci ɗaya da zai iya faɗin inda dabbarsa ta fito da inda aka yanka ta, ya tsaya a kansa. A kanti, ka nemi tambarin da wata hukuma mai zaman kanta ke bincike kafin ta bayar, ka karanta ƙa'idojinta a intanet. Kazar da aka fige ma tana ba da shaida: ka juya ledar ka dubi gwiwa, baƙin tabon nan yana nan in ba a yanke shi ba. In kuma kasafin bai kai ga nama ba, ka fara da ƙwai, shi ne mafi sauƙin canzawa.

In ka samu mai kiwon da ya kwanta maka, ka sanar da shi buƙatarka wata biyu ko uku kafin lokaci don ya tsara kiwonsa, ka biya ranar da ka yi alkawari. Ka sa ran ƙwai zai ragu lokacin da kaji ke zubar da gashi, dabbobi kuma za su rame lokacin da ciyawa ta yi ƙaranci. A irin wannan lokaci wake da kifi za su riƙe gida, kada ka matsa masa har ya je ya sayo na wani ya ce nasa ne. Ka riƙa komawa gonar aƙalla sau ɗaya a shekara, a wani yanayi daban da na zuwan farko, ka sake duba kwanon ruwa, shimfiɗa da littafin magani. In ka ga an samu sakaci, ka faɗa masa kai tsaye tsakaninku, ka ba shi lokaci ya gyara. In ka dawo ka tarar da abin yadda yake, ka buɗe littafinka ka kira na biyu cikin sunayen da ka tara a mataki na huɗu.